Gaisuwar Babbar Sallah daga Kumasi

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Don Allah ka zauna kusa da Inna ka karanta mata wannan takarda a hankali, ka ce mata ina neman gafara da albarka. Ina fata kuɗin rago sun iso kan lokaci.

Mun yi idi lafiya a nan zangon Kumasi, kuma jama'a ta cika maƙil. Amma da liman ya sallame, hankalina ya koma Ƙofar Doka. Na san a lokacin dawakai sun fara jeruwa, yara suna rige-rigen hawa katanga don ganin Mai Martaba, gobe ga hawan Bariki, sannan hawan Daushe. Nan ana yanka, ana ziyara, ana ado, sai dai ba irin hawanmu na Zazzau, kuma rashinsa ya taɓa ni ƙwarai.

Inna ta sha tambaya me ya zaunar da ni a Gana har yanzu. Ka gaya mata littafin nan ne da nake rubutawa a kan fataken goro, kuma yanzu ya kama hanya. Kafin azumi na tafi Salaga, wato Gwanjar da kakanmu yake ambata. Daga Yeji na shiga jirgin fito, muka haye tafkin Bolta zuwa Makango, sannan mota. Yaya, garin ya ƙanƙance, amma tsofaffin rijiyoyinsa suna nan birjik. Nan ne ayarin mutanenmu ke sauka bayan watanni suna tafe ta Nikki da Yendi, madugu na jagorancinsu, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su juyo da goro. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa kasuwar, mutane suka fantsama wasu garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya koma Kete-Karachi ya rasu a can a 1934. Na so in ga tsohon garin da ya zauna, amma ruwa ya cinye shi tun da aka gina madatsar Akosombo.

Abin da ya fi komai taimaka mini shi ne abokai. Akwai wani dattijo, tsohon dillalin goro, da muke zama a ƙofar gidansa bayan isha'i ina karanta masa abin da na rubuta. Shi ya nuna mini da hannunsa yadda ake shimfiɗa ganye a ɗaure huhu, da yadda ake kwancewa a hanya a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Babu takardar da ta koya mini wannan. In ya zo kan korar baƙi da gwamnatin Gana ta yi a 1969, wadda ta raba shi da ƙanensa, sai muryarsa ta sauya, ni kuwa in ajiye biro. Wani aboki kuma, malamin makarantar allo, ya raka ni Legon, inda jami'a ke adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya zauna yana warware mini ajamin da ya gagare ni. Ko kuɗin mota ya ƙi karɓa. Yau ma a gidansa na ci tuwon Sallah, iyalinsa suka haɗo ni da soyayyen nama.

Burina in na gama littafin a buga shi a gida Zariya, garin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Labarin mutanenmu ne, su ya kamata su fara karanta shi.

Ga wata alfarma. In Goggo ta zo yawon Sallah, ka kunna wayarka ka ɗauki muryarta tana ba da labarin tafiyar kakanmu, musamman sunayen zangunan da suke yada zango da waƙar da take cewa jakai na tafiya da ita. Kada ka katse ta ko ta yi nisa, ka turo mini duka ta WhatsApp.

A gaida Kawu, da matarka, da yara duka. Goron Sallarsu yana cikin kuɗin da na aiko, a raba musu har da 'ya'yan maƙwabta.

Wassalam,
Ƙaninka