Kafin a kori koci, a faɗa mana wanda ya ɗauko 'yan wasan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Bauchi da gidajen kallon ƙwallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo, wato idan ƙungiya ta shiga tasku, wa ya kamata a kama da laifi tsakanin 'yan wasa da mai horarwa. A ganina laifi iko yake bi, duk wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji a ƙungiya shi ya fi cancanta a tuhuma, kuma a ƙungiyoyinmu na gida sau da yawa wannan mutumin ba ya cikin fili, ba ya kan benci.

Masu cewa laifin koci ne suna da hujjar da ba za a raina ba. A gasar cin kofin Afirka da aka kammala a watan Fabrairun 2024, Kwadebuwa ta sha kashi da ci 4 da nema a hannun Ikwatoriyal Gini a gaban jama'arta, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa Emerse Faé ragama, kuma 'yan wasan nan dai da aka gama yi wa dariya su ne suka doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe suka ɗaga kofi. Haka Chelsea ta yi a 2012 da Roberto Di Matteo, ta sake yi a 2021 da Thomas Tuchel, kowannensu ya karɓi ƙungiyar ana tsakiyar kaka ya kuma ci kofin zakarun Turai. Sai dai masu kawo waɗannan misalai ba su cika ambaton Manchester United ba, wadda tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013 take sauya masu horarwa, daga Moyes zuwa Van Gaal zuwa Mourinho zuwa Solskjaer zuwa Ten Hag, ba tare da kofin Firimiya ya dawo gidanta ba. Sauya koci yana aiki ne inda 'yan wasan suka riga suka ƙware, albashinsu na shiga a kan kari, abin da ya rage kawai wanda zai tsara su ya kwantar musu da hankali. Inda ciwon yake a ofis, sabon koci sai dai ya zo ya tarar da abin da ya kayar da na baya.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi shafar mu. A kakar 2016 ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta ƙare a mataki na uku a babbar gasar Najeriya, bayan Enugu Rangers da Rivers United, a ƙarƙashin Abdu Maikaba, kuma ɗan wasanta Godwin Obaje ne ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da ƙwallaye 18. Duk wanda ya shiga filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa a wannan shekara ya san yadda garin nan ya ɗauki harama. Amma kafin ƙungiyar ta buga wasanta na gasar Confederation ta Afirka a farkon 2017, kocin ya koma Akwa United, inda ya ci kofin ƙalubale a wannan shekarar, sannan wata ƙungiyar sojojin Saliyo ta yi waje da mu tun a zagayen share fage, shi ma Obaje ya tafi FC Ifeanyi Ubah. To, a nan wa za a zarga? Kocin da ya gaji ƙungiyar da aka zare wa ginshiƙai, ko 'yan wasan da suka rage? Abin da ya dace a tambaya shi ne yadda aka yi ƙungiyar da ta samu tikitin zuwa Afirka ta kasa riƙe mutanen da suka samo mata shi. Wannan tambaya ce ta kwantiragi da kasafin kuɗi, kuma ba koci ke sa hannu a kansu ba.

Maƙwabtanmu na Gombe sun ɗanɗana abin da ya fi haka ɗaci, domin a kakar da ta ƙare a 2024 Gombe United da Doma United duka suka faɗa gasar 'yan dagaji a lokaci ɗaya, shekara guda bayan Wikki ta faɗa a 2023. Ƙungiyoyi uku na jihohi biyu masu maƙwabtaka, kowacce da kocinta da 'yan wasanta daban, da wuya a ce duk rashin iya tsara wasa ne ya haɗa su.

Wanda bai san yadda ake gudanar da gasar nan ba zai ɗauka ɗan wasanmu yana sauka daga jirgi ne ya huta a otal. Galibi a mota ake ratsa ƙasar nan, daga Bauchi zuwa Uyo ko Fatakwal ko Aba, tafiyar yini guda cur ko fiye, gwiwa a lanƙwashe, abinci sai abin da aka samu a bakin hanya. Jama'a ba su manta da yadda motar Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo a 2021 tana kan hanyar zuwa wasa ba, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na taɓa zama kusa da benci a wasan wata ƙungiya da ba sai na ambaci sunanta ba, na ga wani ɗan baya wanda a rabin farko babu wanda ya iya wuce shi, amma da aka doshi minti na 70 sai ya fara riƙe ƙugu, yana tsayawa yana kallon ɗan gaban abokan hamayya yana wuce shi a guje. Kocin yana bakin layi yana ta ɗaga hannu yana kiran sunansa har muryarsa ta dishe, ya waiga benci, ya sake waigawa, bai ga wanda zai saka ba. Da ƙwallo ta shiga sai 'yan kallo suka ɗauki ihu, wasu na cewa a kori koci, wasu na cewa yaron ya sayar da wasa, ledojin ruwa na sauka ta ko'ina. Babu wanda ya juya ya kalli rumfar manyan baƙi, alhali a can ne masu amsar suke zaune, su da suka san wanda ya cika bencin da yaran da kocin bai nema ba, da kuma watannin da aka yi ana bin bashin alawus. An bar jaki ana dukan taiki.

Yawancin ƙungiyoyin babbar gasarmu mallakar gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗi ne na siyasa, kuɗinsu kuma sai an bi fayil daga ofis zuwa ofis. A irin wannan tsari ne ake kawo wa koci ɗan wasa da takardar wani babba a ce sai ya buga, a ɗauki 'yan wasa sababbi birjik a farkon kowace kaka a watsar da na bara, a ba koci wa'adin wasa uku ko ya ci ko ya tattara nasa ya nasa. Duba Remo Stars ta Ikenne, wadda mallakar ɗan kasuwa ce: ta riƙe Daniel Ogunmodede ta ƙare a mataki na biyu a 2023, ta sake ƙarewa a na biyu a 2024, ba a kore shi ba, a 2025 ta ɗauki kofin gasar karo na farko a tarihinta. Da a wasu wuraren ne, tun a karo na biyu za a ce ba shi da ƙashin arziki.

Ba ina wanke 'yan wasa ba ne. Akwai masu fashin atisaye, akwai masu raba dare a gari ana gobe wasa, akwai kuma mummunar ɗabi'ar haɗa baki a ƙi taka leda domin a ga bayan kocin da ya matsa musu. Su ma masu horarwa akwai waɗanda ilminsu ya tsaya a inda ya tsaya tun suna 'yan wasa, da masu fifita yaron da wakilinsa ya san hanyar gidansu. Idan aka tilasta mini zaɓi tsakanin ɓangarorin biyu kawai, zan ɗora wa koci kaso mafi tsoka, saboda shi ne shugaba, shi ke fitar da mutum 11, kuma ladabtar da mai fashin atisaye aikinsa ne. Amma wannan hukunci yana da sharaɗi, wato a ce shi ya zaɓi mutanensa, an biya su, an kuma ba shi lokacin da zai gina su.

Tunda Allah Ya sa Wikki ta dawo babbar gasa a 2025, ƙungiyar da ta taɓa kawo mana kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, ina kira ga masu ruwa da tsaki a Bauchi da Gombe da su riƙa ba koci kwantiragin aƙalla shekara biyu a rubuce, tare da cikakken ikon ɗauka da sallamar 'yan wasa, su kuma riƙa bayyana wa jama'a ranar da aka biya albashi da alawus. Ku ma 'yan jarida, duk ranar da aka kira ku taron sanar da korar koci, ku daure ku tambayi shugaban ƙungiyar 'yan wasa nawa ne cikin waɗanda aka yi wa rajista kocin ya nema da bakinsa, kuma yaushe rabon da a biya su.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani magoyin bayan ƙwallon gida,
Unguwar Jahun, Bauchi.