Zuwa ga Yaya, kan Maganar Kunnena

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kina lafiya, da Inna da yara duka. Na san abin da na faɗa miki a waya ya hana ki barci, shi ya sa na zauna in rubuto miki dalla-dalla.

Ki kwantar da hankalinki, ba ciwon daji ba ne. Ƙari ne da ya tsiro a jikin jijiyar da ta tashi daga can cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ji da daidaiton tafiya suka dogara da ita, kuma ba ya yaɗuwa. Shi ne ya sa kunnena na hagu yake yin shuu dare da rana, har na koma kara waya a na dama.

Likita ya ba ni zaɓi biyu: a zuba masa ido, ko a gasa shi da na'urar Gamma Knife. Gashin ba tiyata ba ce. Ana harba siraran haske kusan 200 ta kowace kusurwa, su haɗu a kan ƙarin, yawanci a zama ɗaya. Ba ya cire shi, girma yake hana shi, kuma a sama da kashi 90 cikin 100 na masu irin wannan ƙari ana dacewa. Sai dai jin kunnen yana iya raguwa a hankali shekaru bayan gashin, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Na zaɓi a jira. Irin wannan ƙari yakan ƙaru da milimita 1 zuwa 2 ne a shekara, da yawa ma ba sa motsi sam. Nawa ƙarami ne, bai taɓa ƙwaƙwalwa ba, kuma har yanzu ina jin magana da kunnen. Ba zan ɓoye miki ba, jiran ma yana da nasa haɗarin, don ji na iya tafiya ko ƙarin bai ƙaru ba. Amma ban ga dalilin gasa abin da ba a tabbatar yana girma ba.

Bayan wata 6 za a sake hoton MRI, daga nan duk shekara. Ranar da aka ga ya ƙaru, zan yarda a gasa shi ba gardama, tun bai kai girman da sai tiyata ba.

Don Allah ki karanta wa Inna da kanki, a tsanake. Kada ta ji a bakin wani. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki