A ba masu karatu fili su faɗi abin da suka gani a littafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Na daɗe ina son rubuto wasiƙar nan, abin da ya faru a watan jiya ne ya sa na ce yau kam sai na rubuta.

Akwai wani gurup na WhatsApp da nake ciki, na wata marubuciya ce, ana biyan naira 500 a shiga, kullum da daddare ta saki feji ɗaya ko biyu. Labarin wata bazawara ne da aka sake ta da 'ya'ya uku ta koma gidan iyayenta, wallahi rubutun ya yi kyau, har kuka na yi a wurin da uwarta take ƙirga mata kwanon abinci. To da ta kawo inda tsohon mijin ya dawo biko matar ta ce ba za ta koma ba, sai gurup ya kama da wuta. Wasu na cewa marubuciyar tana koya wa mata taurin kai, wasu na cewa in ba a mayar da auren ba a dawo musu da kuɗinsu, wata har zagin iyayenta ta yi. Kwana huɗu baiwar Allah ba ta yi fostin ba, da ta dawo sai ga shi ta mayar da auren, mijin ya tuba, kishiya ta haukace, an gama. Duk wanda ya bi labarin daga farko ya san ba nan ta nufa ba, tsoron masu karatu ne ya karya mata alƙalami.

Abin ya tsaya min a rai gaskiya. Mu masu karatu yanzu magana biyu kawai muka iya, ko dai "Allah ya ƙara basira Anti, a ƙaro mana" ko kuma zagi. Ba mai cewa wannan tauraruwar ta yi kama da mutanen da muka sani, ko kuma wancan babin an ja shi da yawa, ko Hausar wurin nan ba ta fita ba.

Kuma fa da ba haka ake ba. A shekarun 1990 lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa a Kano, wani malamin jami'a Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano yana sukar su, wani malamin jami'ar kuma Abdalla Uba Adamu ya fito yana kare su, a shafukan jarida aka yi ta fafatawa, hujja da hujja, kowa da sunansa a ƙasan rubutunsa. Ko ka yarda da wannan ko wancan dai ka ƙaru. Da aka daina irin wannan muhawarar ai mun ga inda aka kai, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990 kan macen da miji ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'yanta, littafin nan har Turanci aka fassara shi a Indiya a 2012, ni dai ina tunanin da a gurup take sakin shi feji-feji da an matsa mata sai ta canza.

Ɓangaren littattafan ilimi kuwa abin ya fi ban tausayi. Mutum zai shekara biyar yana bin dattawa yana tattara tarihin garinsu ko rayuwar wani malami, a yi bikin ƙaddamarwa, manya su zo su sayi kwafi da kuɗi masu yawa a ɗauki hoto, shi ke nan littafi ya shiga durowa. Bara na sayi wani kan tarihin masarautarmu, na karance shi tas, akwai wurare biyu da nake ganin marubucin ya saɓa da abin da kakata take ba mu labari, na rasa wanda zan yi maganar da shi, na saka a Facebook mutum uku ne suka tanka, biyu daga ciki cewa suka yi in turo musu PDF.

Marubuta kam muna da su, tun da BBC Hausa ta fara gasar rubuta gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata a 2016 duk shekara sai an ga sababbin hannu. Masu karatu ne ba mu da inda za mu zauna mu yi magana cikin natsuwa.

Shi ya sa nake roƙonka Malam Edita, ka ware mana ko rabin shafi ne duk mako. Ba sai farfesa ba, ɗalibi ko matar aure ko tela, duk wanda ya karanta sabon littafi, na labari ko na tarihi ko na addini, bugagge ko na waya, ya rubuto abin da ya burge shi da abin da bai gamsu da shi ba da dalilinsa, ku tace zagi ku fitar, marubucin ma in yana da amsa a ba shi dama mako na gaba. In kun buɗe, sharhin littafin masarautar nan yana nan na riga na rubuta shi a waya, ni zan fara turowa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Taku mai karatu a kullum,
daga Zariya