23 ga Satumba: kun tuna da tauraro, kun manta da Katsina

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Ni dai tsohon mai karanta jaridar nan ne, kuma shafin da na fi so shi ne wanda kuke kawo abubuwan da suka faru a rana irin ta yau a tarihi, har yarana nake karanta ma wa bayan sallar isha'i. Amma gaskiya na ranar 23 ga Satumba bai yi mani daɗi ba ko kaɗan.

Na ga kun sa cewa a ranar ne a 1846 wani Bajamushe ya hango duniyar Neptune da madubin hangen nesa a Balin, kun sa mutuwar likitan ƙwaƙwalwar nan Sigmund Freud a Landan a 1939, to madalla, ilmi ne ba wanda ya ƙi, amma na bi shafin nan tun daga sama har ƙasa, na sake komawa ko idona ne, ban ga inda kuka ce a ranar ne aka ƙirƙiro jihar Katsina ba. Haba Malam Edita! Ranar Laraba 23 ga Satumba 1987 Janar Ibrahim Babangida ya cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, ya cire Akwa Ibom daga Kuros Riba, jihohin ƙasar nan suka tashi daga 19 suka koma 21. Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar ne gwamnanmu na farko. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Ni lokacin ina sakandare, babanmu Allah ya jiƙan shi ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, a rediyo muka ji, kuma wallahi har yanzu ina tuna yadda mahaifiyarmu ta rangaɗa guɗa a tsakar gida tana cewa za mu koma gida. Ba a jima ba aka fara kwaso ma'aikata ƴan asalin Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi da Dutsinma ana maido su, ga kaya niƙi-niƙi a bayan mota, ga fayil-fayil, an zo babu isassun ofisoshi babu gidajen zama, wasu a gidan dangi suka raɓa wata da watanni, mu kanmu ɗaki biyu muka matsu a gidan kawunmu. Kafin nan ƴar takarda ƙarama sai mutum ya niƙi gari ya tafi Kaduna, ya kwana a tasha ko a zauren wani, wani lokaci a ce mashi oga ba ya nan ya dawo wani sati. Yaran yanzu da suke ganin sakatariya da jami'o'i da filin jirgi a cikin gari ba su san haka aka faro ba, na tambayi ɗana na aji uku yaushe aka yi jiharmu ya ce mani wai 1960.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, ranar ce kuma ranar ƙasa ta Saudiyya, don a 23 ga Satumba 1932 Sarki Abdul'aziz ya haɗe Hijaz da Najad ya sa wa ƙasar sunan da muka sani yau. Duk wanda umara ta taɓa kai shi a wannan lokaci ya ga yadda ake cika tituna da koren tuta. Shi ma ba ku sa ba, alhali ga mu da tsohuwar alaƙa da ƙasa mai tsarki, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali tun 1921, kun ga ke nan ya je Makka shekara 11 kafin ma a raɗa wa ƙasar suna Saudiyya. Irin wannan ai shi ne mai karatu zai ce kai ashe haka ne, ya kira maƙwabci ya nuna mashi.

Sai na uku, wanda ya fi taɓa mani zuciya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana dai don maganar hannu ta kurame, an fara bikin a 2018, kuma an zaɓe ta ne saboda a ranar aka kafa ƙungiyar kurame ta duniya a 1951. Ɗiyar ƙanena kurma ce, yarinya mai kaifin basira, in ta zauna da ƙawayenta suna hira da hannu sai ka ga suna ta kwasar dariya mu muna gefe kamar baƙi. Ranar da zazzaɓi ya kama ta muka kai ta wani asibiti, babu ko mutum ɗaya da zai iya tambayarta ina ke mata ciwo, sai uwarta ce ta yi tafinta, yarinyar kuma kunya ta hana ta faɗin komai a gaban mutane. Layi biyu a jaridarku da sun tuna wa wani shugaban asibiti ko mai gidan talabijin cewa waɗannan bayin Allah suna nan tare da mu.

Roƙona dai, baɗi in Allah ya kai mu ku fara da na gida kafin ku haura sama wurin taurari. Ku tura wakilinku ya zauna da dattawan da suka dawo daga Kaduna a 1987 ya ɗauki labarinsu tun suna raye, don kullum raguwa suke yi, a unguwarmu kaɗai bana mun binne biyu. Akwai tsofaffin hotunan babanmu da abokan aikinsa a ofishinsu na farko suna nan cikin akwati, in kuna buƙata ku sanar a shafin wasiƙu zan ɗauka da waya in turo.

Na gode, a gaida mutanen ofis.

Naku mai karatu,
daga Ƙofar Sauri, Katsina