Rahoton kwamitin gini: filasta da fentin sababbin azuzuwan Islamiyya

Assalamu alaikum. Kwamitin da iyayen yara suka ɗora wa nauyin ƙarasa azuzuwa uku da ofishin malamai na Islamiyyar unguwarmu, a nan Pantami cikin garin Gombe, yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala, makullai kuma suna hannun shugaban makaranta. Rufi da ƙofofi ba su ba mu wahala ba. Filastar ciki ce ta sa muka yi ta kai-komo, kuma tunda ana ta tambayar dalilin da ya sa bangon ofis ya fi na azuzuwa sulɓi, ga yadda aka yi.

Magini ya kawo mana mataki uku. Akwai filastar da ake murzawa da katako a bar ta da kaushinta, wadda ta fi dacewa da inda za a manna tayil. Akwai wadda ake tankaɗe yashinta, a gama ta da soso. Sai ta uku, wadda bayan ta bushe ake bi ta da sikiridin, wato siririn farin kwaɓi hannu biyu, a goge da sanfefa. Ma'ajinmu, wanda ba ya sakin kuɗi sai ya ga dalili, ya tsaya a kan ta farko, wai ai fenti zai rufe. Magini ya nuna masa cewa fenti tona asirin bango yake yi, balle mai sheƙi.

Maimakon gardama, muka sa ya yi mana samfur uku a jere a bangon sito, aka shafa musu fenti iri ɗaya. Da rana kusan babu bambanci. Bayan sallar isha'i muka dawo, aka kashe fitila, sakatare ya kwantar da tocilan a jikin bango haskenta na bin gefe. Ta farko duk ƙwayar yashi sai da ta yi inuwa, har da sawun katako kamar kunyoyin gona. Ta biyu ɗan tudu nan, ɗan kwari can. Ta uku hasken ya wuce sumul. Ma'aji ya shafa da tafin hannu, bai ƙara cewa komai ba.

Duk da haka ba mu yi wa ko'ina sikiridin ba. A aji, benci da takalman yara ne ke dukan bango, kuma sikiridin ɓarewa yake idan ya sha duka. Don haka azuzuwa suka samu mataki na biyu, da fentin ruwa marar sheƙi a sama, fentin mai kuma daga ƙasa zuwa kafaɗar yaro don a riƙa gogewa. Ofis ne kaɗai ya samu na uku, saboda tagarsa ta gabas tana watso hasken safe a jikin bango, daidai irin na tocilan ɗin nan.

An yi aikin da simintin Ashaka, kaso 1 a cikin yashi kaso 5, kaurin filasta kuma bai wuce milimita 15 ba. An yi ban ruwa safe da yamma na kwana 7, aka jira mako 4 kafin fenti, ko da yake wasu sun matsa a yi sauri.

Kuskure ɗaya namu ne. Bangon arewa na aji na uku an yi masa filasta ana tsakiyar hunturu, washegari kuma ba mu tanadi mai ban ruwa ba. Iska ta busar da shi da wuri, ya yi tsaga sirara kamar saƙar gizo. Muka ƙwanƙwasa shi, inda ya yi ƙarar kwalam aka fasa aka sake, kuɗin kuma 'yan kwamiti ne suka haɗa daga aljihunsu.

Ragowar fenti yana sito da sunan kowane launi a murfi. Muna kuma roƙon malamai kada a buga ƙusa a bangon ofis; an kafa katakon rataye jadawali a bayan ƙofa.