A Yi Hattara Wajen Gyaran Fayilolin JCL a Dunƙule

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana kan wani aiki da jama'a ba sa gani, alhali lissafin bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama ya dogara da shi. Manyan kwamfutocin IBM, waɗanda asalinsu ke komawa ga System/360 ta 1964, har yau suna gudanar da ayyukan da ake jerawa su tafi da kansu cikin dare, kuma kowane aiki yana da fayil ɗinsa da aka rubuta da harshen JCL, mai fayyace shirin da za a tayar da kuma bayanan da zai karanta ko ya rubuta. Ma'aikata ɗaya tana iya tara dubban irin waɗannan fayiloli.

Idan aka sauya sunan wata ma'ajiyar bayanai, dole a bi duk inda sunan ya fito a gyara. Yin haka da hannu wahala ce mai haifar da kuskure, shi ya sa nake goyon bayan masu rubuta ƙananan shirye-shiryen umarni da REXX, harshen da Mike Cowlishaw ya fara ƙirƙira a IBM a 1979, su buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ta manhajar gyara ta ISPF. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke tsayawa ga umarnin CHANGE ALL kaɗai, wato a sauya kalma duk inda aka gan ta, ba tare da wani sharaɗi ba.

JCL ya gaji tsarin katin huji mai gurbi 80, wato katin da ake hudawa a da don shigar da bayanai cikin kwamfuta, shi ya sa kowane layi ke da gurbin haruffa 80. Umarni ba ya wuce gurbi na 71, gurabe na 73 zuwa 80 kuwa na lambar jeri ne. Saboda haka idan sabon suna ya fi tsohon tsawo, layin yana iya cika ya tumbatsa. Manhajar ISPF takan ƙi yin sauyin ta sa wa layin alamar kuskure, amma shirin da ke karanta fayil ya sake rubuta shi da kansa zai iya datse wutsiyar layin shiru, har waƙafin da ke nuna cewa umarnin ya ci gaba a layi na gaba ya ɓace. Ga kuma matsalar da ta fi wannan: umarnin DD guda, wato wanda ke ambaton ma'ajiyar da shiri zai yi amfani da ita, yakan bazu a layuka uku ko huɗu, sunan ma'ajiyar a layin farko, abin da za a yi da ita bayan aiki, ko a adana ko a goge, a layi na uku. Shirin da ke duba layi ɗaiɗai ba zai taɓa haɗa sunan da wannan sharaɗi na adanawa ko gogewa ba. Wajibi ne ya haɗa layukan su zama umarni guda, ya san matakin EXEC (umarnin da ke tayar da shiri) da yake ciki, ya tsallake layukan sharhi masu farawa da //* da bayanan da aka cusa kai tsaye cikin fayil ɗin bayan alamar DD *, sannan ya yanke shawarar gyara. In ba haka ba, garin neman gira a rasa ido.

Ina ganin bai kamata a bar kowane shiri ya taɓa fayil a zagayen farko ba. Ya fara fitar da rahoton abin da ya samu da abin da yake nufin sauyawa, mutum ya karanta, a ajiye kwafin tsohon kundin fayilolin, bayan gyara kuma a kwatanta tsohon da sabon da SuperC, manhajar kwatanta fayiloli. Masu dogara da TYPRUN=SCAN, umarnin da ke sa a duba JCL ba tare da gudanar da aikin ba, su tuna cewa tsarin rubutu yake dubawa, ba ya tabbatar da cewa ma'ajiyar da aka ambata tana nan.

Ina kira ga shugabannin sassan kwamfuta da su ba ma'aikatansu lokacin mayar da sunayen da ke yawan sauyawa zuwa alamomin da ke wakiltarsu a cikin PROC ko INCLUDE, wato sassan JCL da ake ajiyewa wuri guda ayyuka da yawa su riƙa kira, ta yadda sauyi na gaba zai tsaya a wuri ɗaya, su kuma haɗa matasan ma'aikata da tsofaffin hannu kafin waɗannan su yi ritaya.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin kula da manyan kwamfutoci