Sanarwa kan yaƙinmu na Clash of Clans

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

In sha Allah ƙungiyarmu ta wasan waya na Clash of Clans za ta fara neman abokan karawa ranar Juma'a bayan sallar isha'i. Kafin nan mu haɗu ranar Alhamis bayan la'asar a majalisarmu ta Mabera, kowa ya zo da wayarsa cike da caji.

Abin da ya ci mu a yaƙin baya gaggawa ce. Hari 2 kowa ke da shi, kuma ranar yaƙi awa 24 ce, amma wasu suka zuba dodanni masu tashi sama kai tsaye bisa bindigogin harbin sama, ko kashi 50 ba su rusa ba, balle su samu tauraro, wato makin da ake cin yaƙi da shi. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Don Allah ka duba garin abokin gaba tukuna, ka saki soja ɗaya ya jawo rundunar da ke ɓoye a gidan ƙungiyarsu, ka gama da ita a gefe. Sannan ƙattai gaba, masu fasa ganuwa, maharba a baya.

A ranar shiri, wato ranar da ke gabanin ranar yaƙi, kowa ya cika wa na ƙasa da shi a jerin sunaye gidan ƙungiya da sojoji, ya mayar da fadarsa tsakiyar ganuwa. Wanda ke da uzuri ya faɗa tun Laraba mu cire sunansa daga wannan yaƙin.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu sa'a.